Man yana Agadem, tsadar haya tana Yamai

Yau maganar haya za mu yi, kuma mun san akwai masu gidaje cikin masu sauraronmu. Su yi haƙuri su karanta har ƙarshe kafin su zage mu.

Akwai wani ƙanenmu a kartiye, mataimakin matuƙin jirgi ne, irin ƙananan jiragen nan da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram da Agadas. A waje ya yi karatun tuƙi, kuma sai da tsohonsa ya sayar da gona da parsel biyu kafin karatun ya ƙare. An sa ranar aurensa, ya shiga neman gida. Ba bila yake so ba, ɗaki biyu da falo da makewayi, a Taladje ko kartiyen Ayropor ko Yamai 2000, inda zai iya isa filin jirgin Diori Hamani tun da asuba, don jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Kuskurensa ɗaya: ya je ganin gidan da kayan aiki a jikinsa, farar riga da igiyoyi a kafaɗa. Mai gidan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ku ne masu kai mutanen fetur ko? Jika 150 a wata, abans na wata shida, kosiyon daban." Ya ce, "Baba, a yi mini rangwame, yanzu na fara aiki." Tsohon ya yi dariya ya ce, "Wanda ke yawo a sama ba ya neman rangwame a ƙasa." Bayan kwana uku muka tura wani yayansa sanye da tsohuwar jallabiya, bisa kabu-kabu. Gida ɗaya, bango ɗaya, rufi ɗaya. Jika 90, abans na wata uku.

To jama'a, wane ne ya ƙara ɗaki a gidan nan cikin kwana uku?

Abin da ke faruwa a garin nan ke nan. Masu gidaje da dillalai sun daina sa wa gida kuɗi, mutum suke sa wa kuɗi. Kuma tun da aka fara maganar bututun mai, kowa ya zama "mutumin fetur" a idonsu: matuƙin jirgi, makanike, direban kamfani, har mai gadin ofis.

Bari mu tuna wa juna inda man nan yake. A Agadem yake, cikin jihar Difa, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Matatar Soraz da aka buɗe a 2011 tana Damagaram, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 ya ɗauki ɗanyen mai ya kai shi bakin teku a Benin, jirgin ruwan farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024. Kafin ma jirgin ya yi lodi, a watan Afrilu, ƙasa ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC a matsayin abans, wanda da man ne za a biya. Ma'ana, kuɗin farko bashi aka rufe da su. A watan Maris na 2025 mu da kanmu muka kwana a layin esansi a garin nan, kowa ya gani. A cikin watan ne kuma hukuma ta sallami shugabannin kamfanonin mai uku 'yan Sin, kuma cikin dalilan da aka bayar har da bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. To in ɗan ƙasar da ke aiki a bakin rijiyar ma yana kuka, wane fetur ne ya shiga aljihun mushen lakwal a Bukoki da za a ninka masa haya?

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. A riƙe wannan lambar a kai, sannan a fita a tambayi kuɗin ɗaki ɗaya da falo a selibatariyom mai ruwa da kuran. In matuƙin jirgi, wanda duk yaran kartiye ke yi wa kallon ya gama tsira, ya kasa kama gida, ina ga ɗan kwantaragi? Ina ga mai faskare, ina ga matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar?

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne wannan halin ba yau ya fara ba, suna kawai yake canzawa. Jiya 'yan porje ne da ƙungiyoyin Turawa. Lokacin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, kowa ya shafa wa gidansa fenti yana jiran baƙo mai dala. Sojojin Faransa sun tafi a ƙarshen 2023, na Amurka sun bi su a 2024, wasu ƙungiyoyi sun naɗe tabarma. Ku zagaya Filato da Koira Kano ku ƙirga bilolin da ke rufe da kwaɗo, ciyawa ta fito a ƙofa. Mai gida ya gwammace ɓera da gizo-gizo su zauna kyauta da ya rage wa ɗan'uwansa jika 20. Yanzu da Bature ya tafi, an koma jiran ɗan fetur.

Sai dillalai. Ba mu ce duka ba, amma da yawa. Ka biya kuɗin "zuwa gani" ko gidan bai yi maka ba, ka zuba masa esansi a babur, in an daidaita ka ba shi hayar wata guda. Tun da rabonsa da tsadar gidan yake tafiya, shi ne zai je ya raɗa wa mai gida: "Alhaji, gidanka ya fi haka, ina da mutum." Wata mai zuwa sai ɗan haya na shekara goma ya ji sallama: "Ɗana zai yi aure, ina son gidana." Mun ga gida ɗaya da aka yi wa auren ɗa sau uku cikin shekara biyu, alhali ɗa ɗaya ne ga mai gidan, kuma yana firamare.

Mun san amsar masu gidaje, kuma ba duka ce ƙarya ba. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan gini suka yi tsada, kaya sai sun zagayo ta Togo da Burkina. Ambaliyar 2020 ta cinye gidaje a Lamorde da Saga da Kirkisoye, ta 2024 ta ƙara, mutane suka hauro tudu suna neman ɗaki. Kuma akwai gwauruwar da ɗakuna biyun da take ba da haya su ne tukunyarta. Ba da ita muke ba. Amma wanda ya gina gidansa tun zamanin Kunce, ko buhun siminti ɗaya bai ƙara ba, rufin na yoyo duk damina, wace iyaka ce ta rufe masa? A 2024 an rage kuɗin esansi ya koma 499, an rage kuɗin siminti, an rage kuɗin asibiti. Wa ya taɓa jin mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce siminti ya sauka, na rage maka?

Ga hukuma kuma: ƙasar nan tana da dokar haya tun 1996. Ku tambayi 'yan haya goma, mu ga ko ɗaya ya taɓa ganin takardar yarjejeniya, balle rasit. Doka ko sabuwa ce ko tsohuwa, in tana cikin durowa, mai gida ne alƙali kuma shi ne ɗan sanda. Muna son a ga inda ɗan haya zai kai kuka a kowace komin ba tare da ya sayar da babur ɗinsa ba, a sa wa abans iyakar da za a bi da gaske, dillali ya zama mai rajista da suna a meri. In kuma kuɗin fetur ɗin sun fara shigowa, Sonuci ta gina wa mai albashin jika 80, don mai miliyan ya riga ya gina nasa.

Ƙanen namu dai bai kama gidan ba, don da mai gidan ya gane yayansa ne ya zo, sai ya koma kan jika 150. An ɗaga bikin zuwa bayan salla. Yanzu yana kwana a Harobanda, a ɗakin zaure na gidan gwaggonsa, ƙarfe huɗu na dare yake tashi ya haye gadar Kennedy a kan babur, farar rigar naɗe cikin leda saboda ƙura.