Ra'ayinmu: Hayar gida a garin ƙanƙara, ta hannun dandali ko kai tsaye?

A shekarar 1995 wani mazaunin jihar Kolorado ta Amurka, David Clouse, yana da ɗan gida a Breckenridge, garin da jama'a ke yi wa tsinke duk hunturu don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. So yake ya riƙa samun masu haya ba tare da ya bi ta hannun kowa ba, sai ya buɗe shafi a intanet ya sa gidan. Wasu masu gidaje suka nemi ya sa nasu, daga nan aka haifi Vrbo. A lokacin aikin shafin bai wuce allon talla ba: mai gida ya biya kuɗin shekara, baƙo ya ga lambar waya ya kira, su daidaita tsakaninsu. Kamfanin HomeAway ya saye shi a 2006, Expedia kuma ya saye HomeAway a 2015 kan dala biliyan 3.9, kuma a 2016 aka fara cajin baƙo kuɗin hidima. Shafin da aka kafa domin a kauce wa mai shiga tsakani ya wayi gari shi ne babban mai shiga tsakani.

Maganar ta shafe mu ne saboda yanzu akwai 'yan'uwanmu da yawa da ke karatu ko aiki a Turai da Amurka da Kanada, akwai kuma iyalan da ke tashi daga gida takanas domin yara su ga ƙanƙara da idonsu. Yawancinsu gida suke nema, ba ɗakin otal ba, don su girka abincin da ransu ya kwanta da shi, su sami wurin yin jam'i, kuma iyali su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Tambayar da ke biyo baya ita ce ta wace ƙofa za a kama gidan.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne masu cewa a tafi kai tsaye suka fi ƙarfi. A tsarin da dandalin Airbnb ya daɗe yana bi, mai gida na biyan kashi 3 cikin 100, baƙo kuma wajen kashi 14. A ɗaya tsarin, wanda kamfanin ke ƙara karkata gare shi, mai gida ne ke ɗaukar la'adar gaba ɗaya, kusan kashi 15, shi kuma ya zuba ta cikin farashi. Booking.com ma mai gida yake yanka, a kan abin da ya kai haka. Ko ta ina aka ɓullo, daga aljihun baƙo kuɗin ke fita. A garin ƙanƙara kuwa kashi 15 ba abin wasa ba ne, domin makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantun Faransa na watan Fabrairu farashi kan yi tashin gwauron zabo. Gidan da ake bayarwa yuro 3,000 a mako, la'adarsa yuro 450 ce, kuɗin da zai biya wa yara hayar takalma da allunan zamiya har da canji.

Shekaru da dama ma mai masauki a Turai bai da ikon sa farashi mai rahusa a shafinsa, saboda yarjejeniyar da ya sa wa hannu da Booking.com ta hana shi. Faransa ta haramta wannan sharaɗi a 2015, sannan a 2024 Tarayyar Turai ta sa kamfanin cikin jerin manyan dandalin da dokar kasuwannin intanet ta ɗaure, abin da ya tilasta masa cire sharaɗin a duk yankin. Yau mai gida a Chamonix ko Val Thorens na Faransa yana iya cewa wanda ya zo ta wajensa zai sami ragi, ba mai ce masa don me.

Amma ba rahusar ce kaɗai ribar sanin mai gida ba, kuma a ganinmu ba ita ce babba ba. Garin ƙanƙara wuri ne da ƙaramin rashin sani ke ɓata hutu. Talla za ta ce gida na da tazarar mita 300 daga inda ake hawa kujerun da ke kai mutane kan dutse. Ba za ta ce mita 300 ɗin hawa ne mai santsi ba, wanda uba zai yi shi cikin takalman roba masu tauri, alluna a kafaɗa, yaro ɗan shekara biyar na kuka a bayansa. Mai gida ko wakilinsa na cikin gari zai gaya maka wannan a waya cikin minti biyu. Shi ne zai ce a Zermatt ta Suwizalan ba a shiga da mota, sai dai ka ajiye ta a Täsch ka hau jirgin ƙasa. Shi ne zai tuna maka cewa a yankunan tsaunukan Faransa doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, cewa zanen gado da tawul a gidajen haya da yawa kuɗinsu daban ne, cewa Breckenridge na kan tudun da ya kai kusan mita 2,900, don haka wanda ya taso daga ƙasa ya sha ruwa sosai ya huta a ranar farko. Idan kuma na'urar ɗumama gida ta mutu da ƙarfe goma na dare, sanyi a waje ya sauka ƙasa da sifiri, abin da kake bukata shi ne mutumin da ke da lambar mai gyara kuma yake zaune a unguwar. Ma'aikacin dandali da ke amsa saƙo daga wata nahiya, duk ladabinsa, ba zai iya kawo maka hita ba.

To me la'adar ke saya? Duk wanda ya taɓa sayen dabba a kara ya san dalilin da ya sa ake biyan dillali ba a gunaguni: ba ka san mai dabba ba, shi ma bai san ka ba, dillali ne ya tsaya muku, kuma in ta fito ta sata shi za a kama. Abin da dandali ke sayarwa ke nan. Airbnb ba ya miƙa wa mai gida kuɗi sai bayan kusan awa 24 da shigar baƙo, kuma ya ba baƙo awa 72 ya kai ƙara idan ya tarar da gida ba yadda aka siffanta ba. Akwai shaidar waɗanda suka kwana a gidan kafin kai, wadda mai gida ba zai iya gogewa don ta ɓata masa rai ba. Ga wanda bai taɓa taka garin ba, ba ya jin Faransanci ko Jamusanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haɗarin da ke ɗaya ɓangaren kuwa na gaske ne. 'Yan damfara na kwafe hotunan gidajen katako masu kyau daga tallace-tallacen gaskiya, su buɗe shafi mai kama da na kamfani, su sa farashin da ya fi na kowa sauƙi, sannan su ce a turo kuɗi ta banki yau-yau don akwai wani da ke jira. Kuɗin da aka tura ta banki zuwa wata ƙasa da wuya su dawo. Iyali su sha tafiyar awa goma, su iso da daddare ranar Asabar, ranar da ake sauya baƙi a yawancin gidajen tsaunukan Alps, su tarar da wasu mutane a ciki ko ma babu gidan, gari kuma ya cika maƙil. Mun fi jin tsoron wannan fiye da asarar kashi 15.

Akwai kuma batun fasa tafiya, inda hujjar kowane ɓangare ke da rauni. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe wuraren wasan ƙanƙara a Kolorado da Faransa da Ostiriya cikin 'yan kwanaki, Airbnb ya mayar wa baƙi kuɗinsu duka ba tare da ya shawarci masu gidaje ba. Baƙi sun ji daɗi, masu gidaje sun fusata, har kamfanin ya ware dala miliyan 250 don rage musu raɗaɗi. Vrbo kuwa ya bar hukuncin a hannun masu gidaje, yana dai ƙarfafa musu gwiwa su yi sassauci, wasu suka yi, wasu suka ƙi. Ke nan kariyar dandali ta danganta da wane dandali ne da kuma abin da ya ga dama a ranar. Rashin dusar ƙanƙara kuma, kamar yadda aka gani a farkon Janairun 2023 lokacin da ɗumi ya bar ƙananan tsaunukan Alps da ciyawa, ba ya cikin abin da ake mayar da kuɗi a kansa, ta kowace ƙofa ka shigo. Wanda ke son kariya daga wannan ya zaɓi gari mai tsayi, irin Val Thorens da ke kan mita 2,300, ya kuma karanta takardar inshorarsa da kyau.

Mai kama gida kai tsaye a Faransa ya kula da kalmar da aka rubuta a kan kafin alƙalami, domin doka ta bambanta su. Idan an rubuta arrhes, kana iya fasawa ka yi asarar abin da ka bayar kawai, in kuma mai gida ne ya fasa zai biya ka ninki biyu. Idan an rubuta acompte, ciniki ya faɗa, ana iya bin ka cikon kuɗin ko da ba ka zo ba.

Ga mai tasowa daga Najeriya ko Nijar akwai ƙarin abu guda da ya fi duk waɗannan nauyi: biza. Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya duk suna cikin yankin Shengen, kuma ana neman shaidar masauki tun a takardun nema. A 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da suka fito daga Najeriya. Wanda bai riƙe biza a hannu ba bai kamata ya saka kuɗin da ba sa dawowa a kowane gida ba. A nan dandali, da zaɓinsa na fasawa kyauta har zuwa wata rana, ya fi dacewa nesa ba kusa ba.

Ba za mu rufe ido ga mutanen garin ba. Sauƙin da dandali ya kawo ya sa gidajen da a da masu dafa abinci da direbobin bas da masu share hanya ke haya duk shekara sun koma na baƙin mako guda, ma'aikata kuma suna kwana a mota ko suna tuƙi mai nisa cikin ƙanƙara kafin asuba. Shi ya sa Breckenridge ta ƙayyade lasisin irin wannan haya zuwa 2,200 a 2021, masu zaɓe a Steamboat Springs, shi ma a Kolorado, suka amince da harajin kashi 9 a kanta a 2022. Suwizalan kuwa tun a 2012 ta kaɗa ƙuri'ar hana gidajen hutu su wuce kashi 20 na gidajen kowace ƙaramar hukuma. Kama gida kai tsaye ba ya warkar da wannan ciwo. Wani lokaci ma mai cewa ka biya shi a gefe, harajin gari yake gudu, alhali dandali na karɓar harajin ya miƙa wa hukuma a wurare da yawa. Abin da baƙo mai mutunci zai iya yi shi ne ya nemi lambar lasisi ko ta rajista, ya tabbatar harajin kwana na cikin lissafi. Rahusar da aka samo ta hanyar danne haƙƙin gari ba ma goyon bayanta.

Ra'ayinmu shi ne, a zuwan farko, ga wanda bai san kowa a garin ba, ko bizarsa ba ta fito ba, ya bi ta dandali ya biya la'adar da zuciya ɗaya, kuma kada ya yarda kowa ya janye shi waje da sunan ragi bayan sun fara magana a ciki. Wannan tayin shi ne ƙofar da 'yan damfara suka fi shigowa ta ita, kuma ya saɓa wa ƙa'idar da mai gidan ya amince da ita. Amma daga zuwa na biyu, ko ga wanda zai iya tantance mai gida tun farko, mun fi son a tafi kai tsaye. Biyan kashi 15 duk shekara don a gabatar maka da mutumin da ka riga ka sha shayi a falonsa ɓarnar dukiya ce.

Kai tsaye kuma ba yana nufin tura kuɗi ga lambar da aka tsinta a Facebook ba. Garuruwan Alps da yawa suna da ofishin yawon buɗe ido na hukuma mai sashen kama masauki, akwai kuma kamfanonin dillancin gidaje masu ofis a kan titi da suka shekara da shekaru a wurin. Ta nan za a fara. A kira lambar ofis da ke shafin hukuma, a nemi yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da adireshi da ranakun shiga da fita da sharaɗin fasawa, a kwatanta jimillar kuɗi har da na shara da haraji da abin da dandali ya nuna. A Amurka wannan kwatancen ya yi sauƙi tun watan Mayun 2025, lokacin da dokar hukumar kasuwanci ta tarayya ta tilasta a nuna cikakken farashin masauki tun a shafin farko. Biya kuwa a yi shi da kati, domin banki na iya bin kadin kuɗin idan aka saɓa alkawari. Mai gidan da ya ce shi ba ya karɓar kati kuma ba ya ba da takarda, a gode masa a nemi wani.