Malamar Turanci Da Sabon Tsarin Ilmi

A watan Nuwamba na 2025 ne Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin nan na 2022 wanda ya ce a koyar da yara da harshen uwa har ƙarshen firamare. Aka mai da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. An yi ta ka-ce-na-ce a kan hikimar matakin, amma ba a cika tambayar wanda zai yi aikin ba.

A jihohin Arewa yaro yakan shiga aji ɗaya bai taɓa jin jimla guda ta Turanci a gidansu ba. Koya wa irin wannan yaro sana'a ce mai zaman kanta, ba kowane mai jin harshen ya iya ta ba. Wajibi ne mai koyarwa ya san inda Hausa ke yi wa ɗalibi tarnaƙi: dalilin da ya sa yake musanya "p" da "f", yake kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, irin cusawar da ta haifi kalmar burodi.

A nan ne mata suka shigo. Uba a ƙauye ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa a makaranta in mace ce a gaban allo. Yarinyar da ta faɗi Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO kuwa, ƙofar jami'a ta rufe mata, komai ƙwazonta a lissafi.

Hanyar shiga sana'ar a buɗe take. Shekara uku ake yi a sami takardar NCE, kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Gusau mata zalla take ɗauka. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65.

Abin da ke da wuya shi ne riƙe malamar. Wadda Turancinta ya nuna, banki da makarantun kuɗi na birni sun riga gwamnati ganinta. Ba abin mamaki ba ne, tun da a 2025 malaman firamare na Abuja kanta sai da suka yi fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. In an tura ta ƙauye kuma, babu gidan malamai, ga miji da 'ya'ya a birni.

An taɓa yin gaggawa a 1976, lokacin da shirin UPE ya cika azuzuwa da malaman da ba su gama horo ba. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu.