Karta Tsakanin Mutum Biyu

Cacar mutum biyu ta fi ta taro saurin tsiyata mutum. A kartar poker ta kuɗi hannu, idan biyu kaɗai suka fuskanci juna, ba zaman jiran kati mai kyau. Kowane zagaye sai ka zuba wani abu, kuma wanda ya fi iya karanta abokin karawarsa shi zai kwashe kuɗin sannu a hankali. Haka abin yake a lungunan cikin birnin Kano, ko da sunan wasan ya bambanta: tabarma a zaure, karta ta sha hannu har ta yi laushi, kuɗi a danne ƙarƙashin takalmi. Tun 2000 da Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci caca laifi ce, a 2024 ma Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo. To, shago yana da ƙofa da allo, kartar zaure fa? Yanzu waya ma ta isa a yi caca. Ni dai a ganina masu unguwanni da iyaye sun fi ɗan Hisbah sanin yaron da ya jinginar da babur ranar Asabar don ya fanshe abin da aka cinye masa ranar Juma'a.