Ra'ayinmu: Ina Sunan Manomin Rogo Ya Kwana?

Duk ɗalibin da ya je hutu Ƙaraye ko Rogo ya ga abin da muka gani. Manomi zai miƙa lambarsa ta NIN da ta BVN da ta waya ga mai rajistar taki ko mai POS, bai san inda za su kwana ba. Bayan 'yan watanni sai kira ya yi ta shigowa daga mutanen da bai taɓa yi wa ko sallama ba.

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta ba kowa ikon ya tambayi kamfani abin da ya ajiye game da shi da waɗanda ya miƙa wa, ya kuma nemi a gyara ko a share. Babban kamfanin da ya saɓa, tararsa na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

To, amma yaya kamfani zai share abin da shi kansa bai san inda ya watsa ba? A nan ne muke ganin amfanin wani irin rumbun bayanai na kwamfuta, wanda muka laƙaba wa rumbun ƙulli da zare. Kowane mutum ko lamba ƙulli ne, kowace alaƙa kuwa zare. Haka mai unguwa yake riƙe mutanensa a ka: ya san wa ya haifi wa, gonar wa ke iyaka da ta wa. Da irinsa, wato Neo4j, 'yan jarida suka bi sawun dukiyar da aka ɓoye a Takardun Panama a 2016. In ya iya tono asirin attajirai, gano inda aka kai lambar manomi ba zai gagare shi ba.

Sai dai zaren da ke kai ka ga mutum shi ke kai ka ga surukansa. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin bashi na Soko tarar naira miliyan 10, saboda aika saƙonnin tozarci ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi. Don haka muna kira ga NDPC ta riƙa bincikar wa ke da izinin jan zaren, ta kuma bayyana dokar da Hausa ta rediyo, tun da a kasuwar Rogo ba da Turanci ake ciniki ba.