Gwajin hali wajen neman aiki: mai cewa ba shi da aibi shi ake fara tuhuma

Matasa masu neman aiki a manyan kamfanoni, musamman a ƙasashen waje, sukan ci karo da takardar tambayoyi game da halinsu. Da yawa suna ɗauka dabara ita ce su nuna ba su taɓa fushi ba, ba su taɓa gulma ba. Sau da dama wannan dabarar ce ke kayar da su.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan wayon. Gwajin MMPI, wanda Hathaway da McKinley suka fitar a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1943, yana ɗauke da tambayoyi 15 na musamman da ake kira ma'aunin L. Suna magana kan ƙananan kurakuran da kusan kowa ke yi, kamar ɗage aikin yau zuwa gobe. Wanda ya musanta kusan dukkansu ya nuna alamar yana kwalliya da amsoshinsa, kuma ana iya watsi da sakamakonsa baki ɗaya. A 1960 Crowne da Marlowe sun ƙirƙiro wasu tambayoyi 33 don auna irin wannan son a yaba. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Amma akwai inda masu gwajin su ma ya kamata su yi hattara. Masani Delroy Paulhus ya bambanta mutum biyu: mai yaudarar wasu da gangan, da wanda ya yi imani har zuciyarsa cewa haka yake. Ga kuma tarbiyya. Yaron da ya tashi a Damagaram ko Maraɗi, aka koya masa kunya da rufin asiri, ba zai yi saurin faɗa wa baƙo aibinsa ba, balle a Faransanci ko Turanci. Ma'aunin da aka gina kan amsoshin mutanen Minnesota yana iya ɗaukar kunyarsa a matsayin ƙarya.

Don haka maki mai yawa a ma'aunin L dalili ne na kiran mutum a tattauna da shi, bai isa hujjar hana shi aiki ba. Shi kuma matashi, gara ya amsa yadda yake. Wanda ya yarda yakan yi fushi wani lokaci ya fi samun yarda a kan mai cewa bai san fushi ba.