Nakiyar ruwa ba ta da tsada, kwashe ta ne aiki

Duk lokacin da Amurka da Iran suka fara nuna wa juna yatsa, sai ka ji ana ta maganar makamai masu linzami. Ni kuwa hankalina yakan tafi kan wani tsohon jirgi mai saukar ungulu, MH-53E Sea Dragon, wanda sojan ruwan Amurka ke shirin yi wa ritaya.

Ƙaton jirgi ne mai inji 3, ƙirar kamfanin Sikorsky, yana aiki tun shekarun 1980. Yana jigilar sojoji da kaya masu nauyi zuwa jiragen ruwa, amma babban aikinsa share nakiyoyi. Yakan janyo wata na'ura a bisa ruwa, wadda ke kwaikwayon maganaɗisun jirgin ruwa. Nakiya ta ɗauka jirgi ne ya zo wucewa, sai ta fashe a banza.

Tarihi ya nuna amfanin wannan aiki. A 1974, irin waɗannan jirage, samfurin RH-53D, sun taimaka wajen share mashigin Suez. A 1984 da nakiyoyi suka lalata jiragen kasuwanci a Bahar Maliya gab da aikin hajji, su aka sake turawa. A 1988 kuwa, nakiya guda ta Iran ta kusa nutsar da jirgin yaƙin Amurka Samuel B. Roberts.

To ina matsalar take? A 2025 Amurka ta sallami jiragen ruwanta masu share nakiya samfurin Avenger da ke Bahrain. Yanzu ta karkata ga ƙananan jiragen MH-60S da na'urori marasa matuƙi. Gaskiya Sea Dragon ya tsufa, gyaransa akwai tsada, kuma ya sha yin haɗari har da asarar rayuka. Amma shi an gwada shi shekara da shekaru, magadansa kuwa sababbin shiga ne.

A ganina nan haɗarin yake. Kusan kashi 1 cikin 5 na man da duniya ke amfani da shi ta mashigin Hormuz yake bi, haka ma taki mai yawa. Jita-jitar nakiya kaɗai ta isa kamfanonin inshora su ƙara kuɗi, jiragen kaya su tsaya cik. Mu da kayanmu ke sauka a Lome da Kwatano kafin su hau manyan motoci, a kasuwa za mu ji abin a jikinmu.