Filin Girke-Girke: Suyar Karan Latas Da Naman Kaza A Ƙasar Sin

Masu magana sun ce kowane gari da irin tuwonsa. A yawancin ƙasashe ganyen latas ake ci, a zubar da karan. Mutanen Sin kuwa suna da wani iri da suke kira wosun, wanda saboda karansa ake noma shi. Karan yakan yi kaurin rake, tsawonsa ya kai kamu ɗaya ko fiye. Asalin latas daga ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, kuma ya kafu a Sin tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907. A shekarar 1942 kamfanin iri na Burpee ya tallata shi a Amurka, amma har yanzu Sin ce gidansa, musamman lardin Sicuwan.

Abokin tafiyarsa a kasko shi ne wani baƙin naman kaza da ke tsirowa a jikin itace, wanda Sinawa suke kira mu'er, watau kunnen itace, don siffarsa. Busasshe ake sayar da shi, sai an jiƙa ya kumbura.

Ga yadda ake haɗa su. A sami kara 2, a fere ɓawon sosai har sai an tarar da tsokar nan koriya shar, domin ɗaci da tauri duk a ɓawon suke. A yanka siriri, a barbaɗa gishiri kaɗan, a bari minti 10, sannan a tsiyaye ruwan. A jiƙa naman kaza giram 10 na rabin sa'a cikin ruwan ɗumi, a wanke, a tafasa shi minti 3. Daga nan a ɗora kasko mai zurfi a wuta mai ƙarfi, a zuba mai cokali 2. In ya yi zafi a jefa tafarnuwa da citta da barkono. Da ƙanshi ya tashi a zuba naman kaza, sannan kara, a yi ta juyawa ba tsayawa har minti 2 ko 3, a sauke. Mutanen Sicuwan sukan ƙara wani yaji nasu mai sa harshe zugi, wanda ɗan'uwan fasaƙwari ne.

Hikimar wannan suya a yankan take. Abin da aka yanka siriri nan da nan yake nuna, saboda haka ba ya cin makamashi, kuma karan ba ya saki. In wuta ta yi sanyi, ko aka cika kasko, ruwa zai fito, suya ta koma dahuwa.

To, amma akwai gargaɗi. Naman kazan nan, in aka bar shi a jiƙe kwana ɗaya ko biyu a wuri mai zafi, wata ƙwayar cuta takan hayayyafa a ciki, ta saki dafin da ke lalata hanta da ƙoda. Wuta ba ta kashe wannan dafi, kuma an yi asarar rayuka a Sin ta wannan hanya. Saboda haka abin da za a ci yanzu shi za a jiƙa, kada ya wuce sa'a 2. Wanda ya yi yauƙi ko wari, juji ne mahallinsa.

Haka kuma kada a maye gurbinsa da wanda aka tsinto a daji. A lardin Yunnan, inda mutane suka gaji cin naman kazan daji kaka da kakanni, kowace damina sai an kwantar da jama'a a asibiti, domin mai guba da mai kyau sukan yi kama kamar tagwaye. Wanda aka noma aka san asalinsa shi ne abin sa wa a kasko. Rigakafi dai ya fi magani.